Hannun Malam Idi da Takardar da Na Ɓoye a Akwati

Birnin Kudu,
Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah Ya kai ka Gwaram lafiya, kai da injin da kayanka duka. Allah Ya saukar da kai cikin mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin gaggawa. Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da ƙullin yajin da ta sa maka a jakar baya.

Tun ranar suna bakina bai rufu ba. Jiya ma na leƙa gidan su matarka Safiya, aka fito min da takwarana, ya damƙe min ɗan yatsa ya ƙi saki. Da na dawo na ce wa innarka ta shirya, sabon miji ya iso. Ta ce gara shi, ko ba komai ba ya ƙaurin baƙin mai. Kun sa wa yaro sunana, ban san da wane baki zan gode muku ba. Ka tafi hankalinka kwance, mai jego da jariri suna hannunmu har a yi arba'in su biyo ka.

A cikin ambulan ɗin nan, bayan wasiƙata, akwai takardar inshorar da na sa aka yi wa sabon wurinka. Ran da na nuna maka ita ka yi dariya, ka ce, "Baba, takarda ce za ta hana bel tsinkewa?" Ba za ta hana ba. Na so in ba ka amsa a lokacin, sai na ji nauyin maganar, domin amsar ba ta fita sai na tona kaina. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da hannuna, ka san da furfura na koyi riƙe biro.

Abin da takardar take nufi ba shi da wuya. Muna zuba wani abu duk shekara, irin tsarin taimakekeniya ɗin nan da malamai suka duba kafin ƙungiyarmu ta masu inji ta shiga. Idan wani wanda ba ma'aikacinmu ba, mai kawo casa ko mai wucewa, ya ji rauni a wurinmu ta dalilin aikinmu, kamfanin zai tsaya a kan magani da diyya, in ta kai ga kotu ma su ne za su ɗauki lauya. Wannan shi ne nasu. Amma akwai namu, kuma namun ne ban sani ba sai da ya ci hannun mutum.

Ka san Malam Idi na Kangire, wanda kake kira Baba Idi, mai zuwa mana kowace Sallah. Ka san hannunsa na dama ba ya rufuwa. Abin da aka gaya maka shi ne inji ya kama shi, kana Kano wajen karatu lokacin. Gaskiya ne inji ya kama shi. Sai dai injin karya ƙashin kawai ya yi. Yadda hannun ya ƙare a haka, da sa hannuna a ciki.

Da kaka ne, shinkafa ta shigo, buhuna jere har bakin titi. Bel ɗin babban inji yana yawan zamewa, kullum sai na kwance murfin ƙarfen da yake rufe shi in gyara in mayar. Ran nan na gaji da kwance noti huɗu, na cire murfin na jingine shi a bango, na ce sai aiki ya lafa. Ya yi kwana tara a jingine. Malam Idi ya zo da buhu biyu a kan babur, sanye da riga mai faɗin hannu, domin daga nan ɗaurin aure zai wuce. Mutum ne da ba ya iya tsayawa ya ga ana yi masa aiki. Ya sunkuya zai jawo daron da ya cika, bel ya kama hannun rigar, ya ja hannun. Kafin in kai ga kashe injin na ji ƙarar ƙashin.

A wannan ranar abu ɗaya na yi daidai. Na kashe inji, na naɗe hannun da rawanina, muka sa shi tsakanina da ɗan acaba sai babban asibiti. Kai ma haka za ka yi in Allah Ya kawo ranar, Allah kada Ya kawo. Ka kashe inji, ka kai mutum asibiti, kada ka tsaya jiran izinin kowa. Babu kamfanin da zai tuhume ka don ka ceci mutum. Amma ka dubi murfin nan da na jingine. Takardar ta ce wajibi ne mai wuri ya yi iya ƙoƙarinsa kada a ji rauni, ba a ba ka ita don ka saki jiki ba. Matan Gwaram da na rugage za su zo maka da dogayen hijabai da mayafai. Ka ja layi a ƙasa, ka kafa katako, kowa ya tsaya a bayansa. Wanda ya ce zai taya ka, ka gode masa, ka ba shi benci ya zauna.

Da na dawo daga asibiti bayan la'asar, mutane na nan suna jira da buhunansu. Na ɗebo ruwa na wanke jinin. Na yanke tsumman rigar da ya naɗe a jikin ƙarfen na jefar. Na sauya bel, tsohon na ba wani mai faci. Na mayar da murfin na ɗaure notinsa tam, na tayar da inji. A raina gyara nake yi. Ban san ina share shaidar abin da ya faru ba ne. Mutum kusan goma ne suka ga abin da idonsu, ban riƙe sunan ko ɗaya ba, yawancinsu kuma baƙi ne daga ƙauyuka.

Kai kana da waya mai ɗaukar hoto. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki wurin yadda yake, ta kowane gefe, ko da hoton zai nuna sakacinka. Abin da ya ji wa mutum rauni, bel ne ko katako ko waya, ka ajiye shi gefe kada ka yar. Ka tambayi biyu ko uku daga waɗanda suka gani sunansu da garinsu da lambarsu. Ka rubuta a littafi ranar da lokacin da yadda abin ya faru, tun bai gauraye maka a kai ba. Bayan haka sai ka gyara abin da ya lalace, kuma kada injin ya sake tashi sai an gyara.

Washegari na koma dubiya. 'Yan'uwansa sun cika bakin ɗakin, har da mai unguwarsu. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Malam Idi, laifina ne. Duk abin da za a kashe a wuyana yake har ka warke."

Yayansa ya ce, "Haba Malam Haruna, tashi. Ƙaddara ce. Mun yafe duniya da lahira."

Aka shafa fatiha, na fito ina jin an sauke min kaya. A wurina magana ta ƙare, tunda an yafe a gaban manya.

Kada ka ɗauka ba ni da irin wannan takardar inshorar a lokacin, ko na manta da ita. Tana cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gona, kuma tun a hanyar asibiti ta faɗo min a rai. Ɓoye ta na yi. Na ji kunyar a ce Haruna ya karya mutum sannan ya tura shi wurin kamfani. Na kuma ji tsoron a ce ba ni da tawakkali, tunda har na tanadi takarda ina jiran masifa. Ga shi da Turanci aka rubuta ta, ban san abin da ke ciki ba, kuma girman kai ya hana ni kai wa wani ya karanta min. Na ce ni da hannuna zan yi, haka mutunci yake. Na kama san da nake kiwo na kai kasuwa, na biya asibiti.

Aka sallami Malam Idi da farin ɗaurin nan mai tauri. Likita ya ce ya dawo bayan mako biyu a sake hoton ƙashi, domin karayar a gaɓa take, mai yiwuwa sai an yi aiki. Bai koma ba. Duk ranar da na aika a tambaya sai a ce da sauƙi. Na haɗu da shi a kasuwa, hannun a cikin riga, na ce yaya jiki, ya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." Ni kuma na karɓa, domin abin da nake son ji ke nan. Ashe a gida aka yanke ɗaurin aka kai shi wurin mai ɗori. Mai ɗorin ma, aka ce, ya gaya musu wannan ba irin tasa ba ce, su koma asibiti. Ba su koma ba.

Sai da ruwan farko ya sauka gaskiya ta fito. Malam Idi ya ɗauki fartanya ta zame daga hannunsa. Mutum mai iyali, gona ita ce abincinsa. Ƙanensa da yake tuƙin mota a Kano ya zo ya gani, ransa ya ɓaci, ya sa lauya ya rubuto min takarda. Ka san abin da na yi da ita? Na ninke ta na sa a akwatin nan, a kan ɗaya takardar. Ta yi mako biyu a ciki ina cewa zan je in ga mai unguwa a sasanta.

Innarka ce ta gaji da ganina ina juya tuwo ba na ci. Ta ɗauko takardun biyu ta ce in kai wa Malam Sabo, malamin firamaren unguwarmu. Ya karanta a tsanake, ya cire tabarau ya ce, "Malam Haruna, wannan ta ce in abu ya faru ka sanar da su nan take, ko da ba wanda ya nemi komai a wurinka. Yaushe abin ya faru?"

Na ce, "Da kaka."

Ya dubi hadarin da ya taso ta gabas, ya dube ni.

To ka ji babban kuskuren. Ranar da abu ya faru, da ka dawo daga asibiti, ka kira lambar da ke jikin takardar. Ka bi da saƙo a rubuce don ya zama akwai shaidar ka sanar. Kada ka jira ka ga ko raunin zai yi tsanani, kada ka jira a ce maka an yafe ko ba a yafe ba. Mutanenmu suna yafewa da zuciya ɗaya, kuma da gaske suke, amma yafiya ba ta ɗora ƙashi, ba ta kuma nome gona. Duk takardar da ta zo maka a kan maganar, ta lauya ce ko sammacin kotu, kada ta kwana a hannunka. Ka ɗauki hotonta ka tura musu, kada ka amsa ta da kanka.

Na kira kamfanin, bayan kwana uku wakiliyarsu ta zo daga Kano, wata mai suna Hajiya Binta. Ta zauna a bencin masu jira da littafinta. Ta ce ina bel ɗin, na ce yana wurin mai faci, wataƙila ya zama takalmi. Ta ce su wa suka gani, na ce mutane. Ta ce an ce na yi alƙawarin ɗaukar komai a gaban shaidu, na ce na yi.

Ta ce, "Baba, wa ya ba ka izinin yin alƙawari da bakinmu?"

Raina ya sosu. Na ce, "Hajiya, so kike in tsaya a kan mutumin da injina ya karya in ce ban san zancen ba?"

Ta ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka je dubiya, ka kai abinci, ka jajanta, ka yi addu'a. In an tambaye ka yadda aka yi, ka faɗa yadda aka yi. Amma yanke wa yake da laifi, da nawa za a biya, da zaman sulhu, tunda mu za mu biya, ai sai a bari mu zo mu gani tukuna. Da ka kira mu a makon farko, mu da kanmu za mu bi shi mu ga ya koma wurin likita."

Wannan maganar ta ƙarshe ta zauna min a ƙirji.

Sannan ta nuna murfin da biro ta ce, "Wannan yana nan ranar?" Habibu, murfin yana ɗaure a wurinsa, babu hoto, babu shaida. Da na ce yana nan, ba wanda zai ƙaryata ni a lokacin. Ta ɗago kai tana jiran amsa. Na ce, "Ba ya nan. Ni na cire shi, kwana tara kafin ranar." Ta rubuta a littafinta. Daga baya ta gaya min cewa da na yi ƙarya aka gano, takardar gaba ɗaya ta mutu. Ni ba don takardar na faɗa ba, na tuna ne akwai wata tambayar a gaba wadda ba a ɓoye komai. Kai ma ka ba su gaskiya dukkanta, har wadda ba ta yi maka daɗi ba. In sun ce ka zo ka zo, in sun nemi katin asibiti ko rasiɗi ka nemo musu. Kada ka ɗauke su abokan gaba.

An ɗauki watanni ana kai da komo. Hajiya Binta ba ta ɓoye min ba, ta ce da jinkirin da na yi da alƙawarin da na ɗauka, suna da hujjar janye hannunsu. A ƙarshe ba su janye ba. Abin da na kashe bisa raɗin kaina ba su mayar min ba, ban kuma nema ba. Suka zauna da dangin Malam Idi aka daidaita a kan diyya, aka kai shi wurin likitan ƙashi. Kada ka dogara da cewa kai ma za a yi maka wannan sassaucin. Likitan ya yi aikinsa, amma ya ce ƙashin ya riga ya haɗe a karkace, jijiya ta daɗe a matse. Babban yatsa da manuni suka dawo. Sauran ukun har yau ba sa lanƙwasuwa.

Bayan an gama komai na hau babur na je Kangire. Na same shi a gindin bishiya yana koya wa hannun hagu ɗaure igiyar akuya. Muka gaisa, na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Malam Haruna, ashe akwai masu biya tun farko?"

Na ce, "Akwai."

Ya ce, "Da ka faɗa min da na koma. Na ji an ce ka sayar da sanka saboda ni. Da likita ya ce aiki, sai na ce wannan karon injin zai sayar. Na ce ba zan zama sanadin rufe wurin abincin mutum ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, yana ma ɗan murmushi. Ni na ɓoye takarda don kada a ce na guje shi, shi kuma ya ɓoye ciwo don kada ya yi min nauyi. Kowannenmu yana ganin kara yake yi wa ɗan'uwansa, hannun kuma yana can cikin riga yana haɗewa a karkace.

A makon nan na je na ba da sunana a ajin manya da Malam Sabo yake koyarwa bayan la'asar. Shekara uku ina zama a bencin 'yan aji biyu, gwiwata tana dukan tebur. Turancina bai kai in karanta takardar ni kaɗai ba har yau, amma na iya gane inda aka sa sunan wuri da ranar da za ta ƙare. Ka duba taka. Sunan rumfarka ta Gwaram ne a jiki. Na ji kana cewa da kaka za ka riƙa ɗora ƙaramin injin a mota ka kai Fagam. Ka tambaye su kafin ka yi, domin mai yiwuwa takardar ba ta bin inji zuwa wani gari. In ka ƙara inji ko ka sauya rumfa, ka gaya musu. Kuma ka zauna ka karanta ta daga farko har ƙarshe, kai da ka yi boko, domin kowace takarda da nata sharuɗɗan, wataƙila taka ta bambanta da tawa. Kada ta shiga akwati. Ka rubuta lambarsu da fenti a bango, saitin inda kake tsayawa.

Ranar suna kana can kana fama da rabon goro, ba ka ga abin da na gani ba. Da aka fito da yaro wurin wanzami, Malam Idi ya matso ya ce a ba shi takwaran abokinsa. Ya miƙo hannu biyu, sai na daman ya kasa tallafe kan. Na karɓi yaron na kwantar masa a na hagu, na sa tafina a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallonsa yana yi masa addu'a. Sannan ya ce, "Wannan ya fi ka kyau, Malam Haruna. An ce ubansa zai kai inji Gwaram?" Na ce haka ne. Ya ce, "To ka ce masa noti huɗu ne kawai."

Murfin da ke jikin injinka, ni da shi muka je wurin mai walda aka ƙera shi. Shi ya riƙe min notin da yatsunsa biyu ina ɗaurewa.

In ranar ta zo duk da haka, ka je ka durƙusa a gaban gadon mutumin kamar yadda na yi, wannan ba a hana ka ba. Amma ka faɗa masa abin da na kasa faɗa. Ka ce, "Ka bi duk abin da likita ya ce. Akwai kamfanin da muke zuba wa kuɗi saboda irin wannan ranar, na riga na kira su, suna nan zuwa. Kada ka ji nauyina." Ka faɗa a gaban iyalinsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ranar da likita ya ce ya dawo kuma, ka kashe inji ka je ka ɗauko shi da kanka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa wa sana'arka albarka. Allah Ya sa duk wanda ya shigo rumfarka ya fita da gaɓoɓinsa yadda ya shigo da su. Allah Ya raya min takwarana, Ya ba Safiya lafiyar shayarwa, Ya haɗa ku a Gwaram cikin aminci. Ka kira innarka da zarar kun sauke injin, ka san ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna mai inji